Layin da Aka Karya a Tayuri

Da asubar fari muka bar Damagaram, masallatai ba su ko tayar da salla ba. Ku da kuka yi ta aiko mini saƙo kuna tambayar ina na shige, me ya sa shago yake rufe, har da masu yi mini tsiya a kan ɗinkin da ban gama ba, to yau ga labarin. Ku yi haƙuri da tsawonsa. Sabha ta ƙasar Libiya na je, neman ƙanena, autan Innarmu.

Kafin in fita sai da na biya ɗakin Inna. Na tarar ta riga ni tashi, tana kan tabarma da carbi, salularta ɗaure a haɓar zane kamar kullum. Auta ne ya aiko mata da wannan 'yar salula shekarar da ya fara zuwa Libiya, kuma tun ranar ba ta taɓa barin cajinta ya ƙare ba. Inna ba ta san maɓalli ko ɗaya ba sai koren nan na ɗauka. Ko wace lamba ta kira, ɗauka take. Saƙo kuwa in ya shigo, sai ta yafa mayafi ta tako har shagona in karanta mata. Sau nawa ina tsakiyar yanka shaddar mutane za ta shigo tana haki, in duba in ga kamfanin waya ne yake tallar garaɓasa. In ce, Inna, talla ce. Ta ce, to karanta dai har ƙarshe, wa ya sani ko ya sa wani abu a ƙasa.

Auta birkila ne, gini yake yi a can. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira ta da layin gidan da suke zaune. Bayan ƙaramar Salla kira ya ɗauke. Mu kira, sai wata mata ta yi ta zuba Larabci, layin ya katse. Wani ɗan unguwarmu da ya dawo daga can ya ce mana ai Auta ya shiga gona, can babu rezo, waya ba ta shiga, mu kwantar da hankali. Muka kwantar, har babbar Salla ta zo ta wuce. Inna ta daina cin abincin kirki. Ba ta taɓa ce mini in tafi ba, ni ne na gaji da ganin yadda take zabura duk lokacin da salular ta yi ƙara. Da na durƙusa yi mata sallama sai ta ce, “Tela, in ka same shi kar ka yi masa faɗa. Ka taho da shi kawai.” Tela take ce mini, don ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

Bas ta kai mu Agadas ta Tanut da Adarbisnat, hanyar da rabinta kwalta ce rabinta kuma tarihin kwalta. A Agadas na yi sayayyar da kowa ke yi: jarka da aka ɗinke cikin buhu don ruwa ya yi sanyi, rawani, tabarau, safar hannu, garin rogo, sukari da dabino. 'Yan kasuwar tashar suna ganin fuskar sabon shiga suke ninka kuɗi. Ni da nake cin kwastoma da baki a Damagaram, sai ga ni an sayar mini da tabarau na roba a kuɗin yadin shadda, har ina godiya. Ɗinkin buhun jarkar ma na duba, wallahi almakashina ya fi ƙarfin wannan aiki.

Motar Sahara buɗaɗɗiya ce. Ana shimfiɗa jarkoki da kaya, mutane su zauna a kai ƙafafu a waje, kowa da sanda kafe tsakanin cinyoyinsa, ita zai riƙe har Libiya. Abokin zamana wani mutumin Tawa ne da ya yi hanyar har ya daina lissafi. Shi ya koya mini in ɗaure rawani in bar ido kawai, in sha ruwa kaɗan-kaɗan ko ban ji ƙishi ba, kuma in gyangyaɗi ya zo in gaya masa ya riƙe mini wuyan riga, don direba ba ya jin ihun wanda ya faɗo. Muka tashi cikin ayari. Da rana zafi ya dafa mutum, da safe sanyi ya hana ka buɗe yatsu. A gefen hanya akan ga 'yan duwatsu a jere, wani lokaci da tsohuwar taya a kai. Na gane kaburbura ne da na ga abokin zamana yana motsa baki duk inda muka wuce su, ni ma na riƙa yi.

A Dirku muka ga inuwa da ruwan sanyi, da tsadar da ta sa na mayar da kwalbar lemo inda na ɗauko ta. Muka wuce Sigidin, muka wuce Madama, muka shiga ƙasar Libiya ta Tummo. Daga nan na fara koyon kalmomin can. Shingen masu bindiga sunansa bawaba, kuma ba a ƙirga su, biya ake a wuce. A wata bawaba na ce bari in gwada Larabcina na makarantar allo, na gaishe da mai bindigar da irin gaisuwar cikin littafi. Ya dube ni, ya kira abokansa, ya ce in maimaita. Suka sha dariya, suka ba ni burodi da kifin gwangwani, suka ce in wuce, ya shehi. Wannan ce dariyar da na yi a tafiyar da zuciya ɗaya.

A Gatrun muka sauya mota muka hau kwalta. Burodi a ƙasar nan araha ne har kunya ta kama mutum, amma mai, a ƙasar da ake haƙo shi, sai ka ga gidan mai a rufe ana sayar da shi a jarka bakin titi. Muka shiga Sabha da hantsi. Gari ne babba, ga jami'a, ga filin jirgi, ga tsohuwar ganuwar soja bisa tudu ana hango ta daga nesa. A kowace mahaɗa mutanenmu ne tsugune, wannan da shebur, wannan da guduma, wannan da burushin fenti a gabansa don mai mota ya san aikinsa ba sai ya tambaya ba. Na riƙa leƙa fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya gaji.

Tayuri, unguwar da su Auta suke zaune, a gefen gari take. Bulo ne babu shafe, da kwano, da wayoyin lantarki a sarƙe sama kamar zaren da kyanwa ta yi wasa da shi. Babu sunan titi, babu lambar gida. Da sunan garinku ake nemo ka. Na ce mutanen Mirya nake nema, garin mahaifinmu, aka yi ta miƙa ni daga hannu zuwa hannu har ƙofar gidan. Babban gidan wani dattijon magini ne, kowa Maigida yake ce masa, ya san mahaifinmu. Suka karɓe ni hannu biyu, aka kawo ruwa, aka dafa makaroni cikin tumatir da barkono a tukunya ɗaya, mbakbaka suke ce mata. Kowa na tura mini nama gabana, amma babu mai haɗa ido da ni. Ina ɗaga kai na ga jakar Auta rataye a ƙusa, da sabon bargo cikin ledarsa a ƙarƙashinta. Na tsame hannuna daga abincin.

Maigida ya ja ni waje ya gaya mini. Babu wata gona. An sace wayoyin lantarki a ginin da Auta yake aiki, mai ginin ya kai ƙara, aka kwashe leburorin da aka samu a wurin. “Ba ma kai labarin kaso gida,” in ji shi. “Sai mu ce mutum ya shiga gona, har Allah ya fito da shi.” Sun yi cigiya ta bakin direbobi, wani ya ce an kai su arewa, wani ya ce an mayar da su iyaka. Ofishin hukuma kuwa babu wanda ya taka, don duk gidan babu mai takardar zama, wanda ya je tambaya shi ma zai kwana can.

Na ce to layin gidan fa, me ya kashe shi?

Ya ce, “Mu muka karya shi, ranar da aka kama shi.”

Ya yi mini bayani. A Sabha akwai abin da ake kira gidan bashi. Mutane ne ke kama baƙo su kulle, su karɓi lambar da ya haddace, su kira suna dukansa kana ji, su ce a kawo kuɗi. In an biya su sake kira. Wani lokaci su bi lambar har gida su kwashi sauran. Don haka dokar gidajen 'yan ci-rani ke nan: duk ranar da aka kama ɗayanku, ko wa ya kama shi, kafin rana ta faɗi a cire layin da ya sani a karya, a sayi wani. Na saurara na gyaɗa kai. A ranar na ga hikimar abin, har na ce Allah ya ƙara tsarewa.

Ni ina da fasfo da hatimin shiga, don haka na ce zan je inda suka kasa zuwa. Aka haɗa ni da wani Alhaji ɗan ƙasar, mai shagon dabino da ganyen shayi, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota zuwa Agadas. Hausarsa ta kasuwa ce, ba ruwanta da namiji ko mace. Ya ji labarina ya ce, “Yanzu shari'a duka cikin manzuma. Takarda babu. Kai zo gobe, ni kai ka.” Manzuma ita ce na'urar da hukuma ke aiki da ita ta intanet. Ya nuna mini a wayarsa yadda ɗan ƙasa yake shiga da lambarsa ta ɗan ƙasa, ya ga inda ƙararsa ta kwana, ya nemi takardar shaidar ba shi da laifi, a turo masa ranar zama yana kwance a ɗakinsa. Abin ya burge ni ƙwarai. Sai dai ƙofar ba ta buɗuwa sai da waccan lamba, kuma Alhaji ya ce ko cikin waɗanda aka haifa a Tayuri akwai da yawa da ba su da ita, balle birkila daga Damagaram. Irinmu sai mun je da ƙafa, ma'aikaci ya duba mana.

Muka je ofishin masu shigar da ƙara, niyaba suke ce masa. Muka tarar da mutane zaune a baranda, aka ce manzuma waƙfa, wato ta tsaya. Washegari wuta ce babu. Ranar da ta biyo baya akwai wuta, intanet ce aka ce an yanke a hanya. Yadda suke maganarta sai ka ɗauka wani babban mutum ne: yau manzuma ba ta tashi ba, jiya ta leƙo ta koma. Na saba da fuskokin barandar. Akwai wata tsohuwa mai maganar gado da take zuwa da butar shayinta, tana zuba mana mai kumfa da gyaɗa a ciki. Da yamma in koma Tayuri in ɗauki allura in yi ta ɗinke wa mutanen gidan yagaggun wanduna, don in na zauna haka kaina zai fashe. Na kira Inna da wayar Alhaji na ce ana kan nema. Ƙara ɗaya ta ɗauka.

Ranar da manzuma ta tashi, ma'aikacin da muka samu wani mai furfura ne da tabarau, mutum mai sanyin magana. Na ba shi sunan Auta na yanka da na mahaifinmu. Ya buga, ya jira, ya ɗan juyo da allon wajena. Sai ga Auta. An ɗauke shi jikin farin bango, gashi ya taru, yana sanye da rigar da na ɗinka masa da hannuna, mai aljihu biyu don ya ce ɗaya na waya ɗaya na awo. Na ce shi ne, shi ne wallahi. Har na fara murmushi.

Ma'aikacin yana karantawa, Alhaji yana juya mini. An bincika, ba a same shi da laifi ba. Ba a daɗe da kama shi ba aka rufe maganar, aka ba da umarnin a sake shi. Amma da yake ba shi da takardar zama, sai wani ya zo ya tsaya masa ya sa hannu. An tura saƙo zuwa lambar da ya bayar. An sake turawa. An kuma turawa. Ya fara karanto lambar, ni na ƙarasa masa ita da ka, don ita ce nake gani a salular Inna duk Juma'a.

Daga nan ma'aikacin ya ci gaba da karatu, Alhaji kuwa ya daina juyawa. Ya cire hularsa ya mayar. Na ce, Alhaji, me ya ce? Ma'aikacin ya cire tabarau ya dube ni, ya yi mini ta'aziyya da Larabcin da ko ɗan allo ya sani. Sannan Alhaji ya juya mini: ciwon ƙirji ne ya kama Auta a tsare, aka kai shi asibiti, ya cika ana saura kaɗan babbar Salla. An yi masa wanka da salla, an binne shi. Wannan ma an tura saƙo.

Ban yi kuka a wurin ba. Na zauna a ƙasa gaban teburin mutane. Ina ta tuna ranar Salla, yadda Inna ta ware cinyar rago ta soya ta ajiye masa a kwano. Baƙin cikin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da mahaifinmu ya rasu, don shi mahaifinmu muna kewaye da shi. Ma'aikacin ya buga mini takardar rasuwa da lambar kabari. Na roƙi in ɗauki hoton allon, ya ce ba a yi, sannan ya tashi ya ce zai je ya sha ruwa, ya bar allon a juye wajena. Na ɗauki hoton da sauri. Da ya dawo ya gaya wa Alhaji cewa su biyu aka wanke a ƙarar, ɗayan wani manomin Samnu ya zo ya tsaya masa.

A Tayuri na yi abin da ban yi niyya ba. Na tsaya tsakar gida na zazzaga wa Maigida magana, dattijon da ya girme ni nesa. Na ce kun kashe shi da tsoronku. Na ce hukuma ta buɗe masa ƙofa tana ta kiranku, ku kun jefa kunnenku a masai. Da na gaji, Maigida ya ce, “Da haƙorina na karya layin, Malam. Ba wani ba ne, ni ne.” Ya zauna bakin rijiyar gidan ya ce shekarun baya ɗan ƙanwarsa ya faɗa gidan bashi, ya saurari kukan yaron a waya har ranar da aka daina kira, kuma ta wannan layin aka zo aka kwashi mutum uku a gidan. Tun daga ranar ya rantse ba zai sake barin layi da rai ba. “Na tsare gidan nan da wannan doka shekara da shekaru,” in ji shi. “Ban san akwai ranar da alheri zai biyo ta waya ba.” Ya rufe fuska da rawani yana kuka. Na so in ci gaba da fushi, na nemi fushin na rasa inda zan ɗora shi.

Da safe na fito zan tafi maƙabarta, na tarar duk gidan sun yi wanka suna jirana. Babu wanda ya je aiki. Akwai bawaba a hanyar, kuma sun sani, amma haka suka cika ƙaramar bas, marasa takarda gaba ɗaya, Maigida a gaba. Allah ya rufa asiri, mai bindigar ya ji inda za mu ya ɗaga hannu. Kabarin yana can ƙarshe inda ake sa baƙi, rabin bulo ne a kansa da lamba da jan fenti. Muka yi addu'a. Birkilolin nan suka gyara masa gefe da hannuwansu, suka jera duwatsu tsaf kamar za a zo duba aiki. A nan kukan ya zo mini.

Alhaji ya san manoman Samnu ta cinikin dabino, bai sha wuya ba ya gano gonar. Muka hau tasi ta haɗaka muka yi arewa maso gabas. Bayan duk wannan rairayi sai ga kore, dabino a jere, albasa, ciyawar dabbobi, injin ruwa yana ta bugawa. Wuri ne mai kyau, na ji haushin kyawunsa, don irin gonar da muka yi wata da watanni muna zaton Auta yana ciki ke nan. Mutumin da aka sake Bakano ne, ya ɗan manyanta. Yana ganina ya ajiye fartanya ya ce ba sai an gaya masa ba, kamar da nake yi da Auta ta isa. Bai san Auta ya rasu ba. Ni na gaya masa.

Muka zauna gindin dabino ya ba ni labari. Shi dama ma'aikacin gonar ne, ya shiga gari aikin 'yan kwanaki tsautsayi ya faɗa masa. Da aka tambaye shi lamba sai ya ba da ta mai gonar, shi kuwa yana ganin saƙo ya karanta ya taho. Ya ce ranar da aka rubuta su, ma'aikacin ya ce kowa ya ba da lambar wanda ya tabbata zai ɗauka. Auta bai yi wata-wata ba ya karanto wata doguwar lamba. Aka buga, na'ura ta ƙi. Aka sake bugawa, ta ƙi, aka ce ba ta karɓar lambar waje, sai ta Libiya. “Ya ce ta tsohuwarsa ce,” in ji Bakanon. “Ya ce ita ko barci take za ta ɗauka. Da aka ƙi ne ya ba da ta gidansu.”

Na ce to da za ka fita, me ya hana ya ba ka lambar tsohuwar ka kira?

Ya ce ya tambaye shi. Lokacin an riga an gaya musu an wanke su, Auta yana ta murna, ya ce a'a, kar a tayar mata da hankali a banza, mutanensa na Tayuri gobe ko jibi za su zo, in ya fita ya kira ta da bakinsa ranar Juma'a. Lambar gidan kawai ya ba shi. Bakanon ya kira ta har ya gaji, matar nan mai Larabci ce take amsawa. Ya ɗauka sun zo sun tafi da shi. Ya ce ko da ya baro shi yana tari, amma duk motsin ƙofa sai ya miƙe ya gyara riga. Mai gonar ya cika mini leda da dabino, na karɓa don kar in yi rashin kunya, har yau ban iya cin ko ɗaya ba.

Na kira kawunmu na gaya masa, don irin wannan labari manya ke shiga da shi ɗaki. Na ɗauki jakar Auta da bargon, wanda mutanen gidan suka ce Inna ya saya wa. Maigida ya raka ni tasha, muka yafi juna. Kafin in taho ya kai sabon layin gidan wurin Alhaji, sun yi magana cewa in an sake kama wani, za a cire layin a ajiye a shagon a kunne, mai karanta Larabci yana dubawa. Ban sani ba ko za su riƙe wannan, tsoro ya daɗe a gidan.

Dawowa a babbar motar kaya na yi ta, bisa katifu da buhunan makaroni, tafiyar hawainiya. Na samu lokacin tunani fiye da yadda nake so. Abin da na gani shi ne, na'urar nan ba ta yi ƙarya ba, ba ta ci hanci ba, ta wanke ƙanena tun da wuri, ta kuma yi kira. Amma an gina ta don mai lambar ɗan ƙasa, mai karanta Larabci, wanda saƙon hukuma ba ya sa cikinsa ya ɗuri ruwa. Mutanenmu kuma sun koyi zama da rai ta hanyar ɓacewa. Tsakanin waɗannan biyun Auta ya zauna yana gyara riga. Ku da kuke da 'yan'uwa a can, don Allah ku gaya musu su nemi lambar wani ɗan ƙasa mai amana su haddace tun kafin rana ta ɓaci. Kuma in an ce muku mutum ya shiga gona, kar ku yi watanni kuna jira kamar yadda muka yi.

Na iso gida da la'asar, an riga an naɗe tabarmin zaman makoki. Inna tana ɗakinta, ta rame. Na durƙusa na ajiye jakar da bargon. Ba ta yi kuka ba. Ta tambaye ni ko an yi masa wanka, na ce an yi. An yi masa salla? An yi. Ka ga wurin da idonka? Na gani, Inna, har mun gyara. Na nuna mata hoton da na ɗauka a allon, ta daɗe tana kallo, ta ce gashinsa ya yi yawa, ba mai yi masa aski. Ta shafa ledar bargon ba ta buɗe ba.

Kawu ya riga ya gaya mata maganar saƙon da layin da aka karya. Can sai ta ce, “Tela, abu ɗaya ne ya tsaya mini. Yaron nan ya san lambata da ka. Me ya sa bai ba su tawa ba? Ai da na kawo maka ka karanta.”

Na yi niyyar ɓoye mata wannan, tun daga Samnu nake shirya yadda zan yi shiru. Amma na ga tambayar za ta ci ta fiye da amsar. Na ce, “Ya bayar, Inna. Taki ya fara bayarwa. Na'urarsu ce ba ta karɓar lambar waje. Ya ce musu ke ko barci kike za ki ɗauka.”

Ta gyaɗa kai a hankali, ta sake gyaɗawa, hawaye suna sauka ba ta share ba. Sannan ta kai hannu haɓar zane ta fara kwance ƙullin. Ya ɗaure tam don daɗewa, sai da ta sa haƙori. Ta miƙo mini salular a tafin hannu.

Ta ce, “Kashe mini ita. Ni ban san inda ake kashewa ba.”